Kifi da Lambu a Tsakar Gida: Jawabi ga Ƙungiyoyin Adashin Mata na Kaugama

Ina godiya ga shugaba da magatakarda da masu riƙe da makullan akwati, da suka ba ni wannan lokaci bayan an gama zubi. Na san akwai wadda ta baro tukunya a kan murhu, akwai wadda goyonta ya fara mutsu-mutsu, don haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba.

Ga wadda ba ta san ni ba, ni 'yarku ce, a nan ƙasar Haɗejia aka haife ni. Na yi difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗejia, yanzu kuma aikina shi ne zagayawa ƙungiyoyi irin taku. Abin da zan faɗa muku yau na karanta shi a takarda, na kuma gwada shi da kuɗina a gidanmu. Na yi asara, daga baya na ci riba, kuma duka biyun zan gaya muku.

Me ya kawo wannan magana

Iyayenmu da ke zaune a nan sun fi ni sanin yadda kogin Haɗejia yake a da. Ruwa ya malalo fadama, ya ja da baya, ya bar wa masunta kifi, ya bar wa manoma danshi. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su zama kogin namu, kuma tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canja. Ga kachala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa daga nan har wajen Nguru. Wata shekara ruwan ya yi kaɗan, wata shekara ya zo da ɓarna kamar yadda muka gani a ambaliyar 2022. Har gobe kasuwar kifi ta Haɗejia tana ci, motoci suna lodi zuwa garuruwa masu nisa, amma ku faɗa mini gaskiya: sau nawa a wata ɗanyen kifi yake shiga tukunyar gidanku?

Sannan ga maganar ganye. Daga ƙarshen hunturu zuwa saukar damina, miyar yawancinmu kuka ce da busasshiyar kuɓewa. Alayyafo da salak sai an aika yaro kasuwa, su iso a yanƙwane. Da yawanmu ba mu da fadama, wasunmu kuma ba sa fita. Amma kowaccenmu tana da tsakar gida ko bayan ɗaki, kuma abin da zan koya muku fili kamar na tabarma uku ya ishe shi.

Yadda abin yake aiki

Turawa suna ce masa akwafoniks. Mu dai mu ce kiwon kifi haɗe da lambu. Kifi yana cikin tanki, yana ci, yana kashi, yana kuma fitar da wani sinadari ta bakin kunnuwansa da ake kira amoniya, irin warin da kike ji a turken awaki idan an kwana biyu ba a share ba. In ya taru a ruwa, guba ne ga kifin. To sai a ɗebi wannan ruwa a bi da shi ta cikin tsakuwa da aka shuka ganye a kai. A jikin tsakuwar akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ne suke juya gubar ta koma taki. Saiwar ganye ta sha takin, ruwa ya koma wa kifi a tace. Haka zai yi ta zagayawa.

Ke nan abu uku kike kiwo a lokaci ɗaya: kifi, ganye, da waɗannan ƙwayoyin. Su ƙwayoyin ba a sayen su, da kansu suke zuwa, kamar yadda madara take kama tsami ta zama kindirmo in an ajiye ta. Sai dai suna son lokaci, sati huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da za su iya aikin. Ku riƙe wannan lissafi, don rashin riƙe shi ne ya ja mini asara.

Yadda na yi asarar kuɗin rabona

Shekarar da na fara, ranar da aka fasa akwatin ƙungiyarmu na ɗauki rabona gaba ɗaya. Na sayi durom mai lita 200, na sayi ɗan injin tura ruwa mai amfani da wutar lantarki, na tafi wajen wani mai sayar da 'ya'yan kifi. Ya ce mini in na ɗauki ɗari zai yi mini ragi. Kwaɗayi mabuɗin wahala, na ɗauki ɗarin. Ranar da na zuba ruwa, ranar na zuba kifi. Ina ba su abinci, ƙannena ma duk wanda ya wuce sai ya watsa musu, don daɗin kallo.

A sati na biyu aka ɗauke wuta kwana biyu. Da asuba na leƙa, na ga ruwan ya yi kumfa yana wari, kifayen sun tsaya a miƙe a saman ruwa, kai sama, jela ƙasa. Cikin kwana uku saura goma sha ɗaya. Wallahi na yi kuka. Innata ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi: "Ruwa ba ya tsami banza, ki nemo dalili." Da na zauna na duba, kurakuraina huɗu ne: kifi ya yi wa ruwan yawa, abinci ya yi yawa, ban jira ƙwayoyin tsakuwa sun kama ba, kuma na dogara da wutar da ba a hannuna take ba. Waɗannan goma sha ɗayan da suka rage su na raina, su ne suka koya mini sauran abin da na sani.

Hanya biyu, kowa da ƙarfinta

Hanya ta farko babu inji. Ki ajiye kifi kaɗan, kamar goma, a tanki. Kullum ko bayan kwana biyu ki janye kashi ɗaya cikin biyar na ruwan daga ƙasa inda dattin yake kwanciya, ki shayar da ganyen da kika shuka a buhuna ko tsofaffin bahuna masu ƙasa da taki, sannan ki cika tankin da sabon ruwa. A nan ruwan ba ya komawa wajen kifi, don haka tana cin ruwa, wajen jarka takwas a kowane canji in tankin mai lita 1,000 ne. Amma ita ce mafi arha, kuma duk wadda take da rijiya a gida da ita nake ba ta shawarar ta fara.

Hanya ta biyu ita ce cikakkiya, mai ɗan inji da farantin sola, wadda ruwa yake zagayawa. Kayanta sun fi tsada, amma ruwan da za ki riƙa ƙarawa jarka ɗaya ce a rana, a bazara ya kai biyu. Wadda take sayen ruwa a wajen 'yan garuwa, wannan ce ta dace da ita. A kanta zan yi bayani dalla-dalla, domin wadda ta gane ta, ta gane ta farkon.

Kayan da ake bukata

Na ɗaya, farin tankin roba mai kejin ƙarfe, mai cin lita 1,000. Ana samun na hannu. Ki tambayi abin da aka taɓa zubawa a ciki. In kayan abinci ne, a wanke da ruwa kawai, a shanya. In maganin feshi ne, ko man inji, ko mai sayarwar ya ce bai sani ba, ki bar masa kayansa ko da kyauta ne.

Na biyu, durom na roba guda biyu masu lita 200. Za a raba kowanne biyu a tsaye, a samu kwami huɗu, irin kwamin da ake ba dabbobi ruwa. In kifi ya girma a wata na uku sai ki ƙara durom ɗaya.

Na uku, tsakuwa mai girman ƙwallon dabino zuwa na goruba ƙarama, wadda za ta cika kwamin. A wanke ta sosai har ruwan ya fita fari. Kafin ki saya, ki matsa lemon tsami a kan 'yan ƙwayoyi. In kika ga tana tafasa tana kumfa, tana da farar ƙasa, za ta ɓata ruwa, ki nemi wata.

Na huɗu, ɗan injin tura ruwa mai aiki da sola, wanda ake nutsawa cikin ruwa, da farantinsa. Ki ce wa mai shago kina son wanda zai iya tura wajen lita 1,000 a awa zuwa tsayin ƙirjin mutum. A gwada a gabanki kafin ki biya.

Sai tiyo da bututun roba, bulo da katako na ɗora kwami, raga ta rufe tanki, da zana ko asabari na inuwa.

Yadda ake haɗawa

Ki zaɓi wurin da rana take samu da safe, inuwa ta rufe shi da azahar. Kada ya zama gindin indararo ko inda ruwan wanke-wanke yake bi. A yanke saman tankin a buɗe shi. A haƙa rami zurfin gwiwa a zaunar da shi a ciki. Amfanin ramin biyu ne: ƙasa tana rage wa ruwan zafi a bazara da sanyi a hunturu, kuma kwamin ba sai an ɗaga su can sama ba. Wadda gidanta yake a kwari inda ruwa yake kwanciya da damina, kada ta haƙa, ta ɗaga kwamin kawai.

A jera kwamin a kan bulo da katako, gindinsu ya ɗara bakin tanki tsayi kaɗan, don ruwa ya gangaro da kansa. A yi ginin da ƙarfi, domin kwami ɗaya cike da jiƙaƙƙiyar tsakuwa ya fi buhun gero nauyi. A huda gindin kowane kwami a tsayar da guntun bututu, tsayinsa ya tsaya yatsa biyu ƙasa da saman tsakuwa. In ruwa ya taru ya kai bakin bututun sai ya zube ya koma tanki, saman tsakuwar kuma ya zauna a bushe, gansakuka ba za ta kama ba. A gindin bututun a yi 'yar ƙaramar huda. Da dare in sola ta tsaya, ruwan kwamin zai tsiyaye ta nan a hankali, saiwa ta sha iska, ba za ta ruɓe ba. A rufa wa bututun wani mai faɗi da aka yi wa huji-huji don kada tsakuwa ta toshe shi.

Wannan aikin yini ɗaya ne ga mai gyaran famfo. Ki tsaya a kansa ki ga yadda yake yi, don ranar da wani abu ya toshe ke za ki gyara.

In an gama, a cika ruwa a bar inji yana zagayawa da shi sati guda babu kifi. Nan za ki ga inda yake yoyo. Ruwan rijiya ko na burtsatse ya yi. In na famfon gwamnati ne mai warin magani, ki bar shi a buɗe kwana biyu kafin ya taɓa kifi. In wata 'yar ƙungiya tana da nata da ya daɗe yana aiki lafiya, ki roƙi kwano ɗaya na tsakuwarta ki zuba a naki, kamar yadda ake ɗibar tsohon kindirmo a zuba wa sabuwar madara.

Wane kifi, guda nawa

Tarwaɗa za mu fara da ita. Allah ya yi ta da wata halitta da take iya shaƙar iska daga sama, shi ya sa kuke ganin ta da rai a kasuwa cikin ɗan ruwan baho. Don haka in inji ya tsaya da dare ba za ta mutu ba. Karfasa tana da daɗi, amma ba ta da wannan juriyar, sai mai batir da injin iska.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da littafi a kan wannan sana'a a 2014, kuma ma'aunin da ta bayar ga ƙaramin mai kiwo shi ne kilo 10 zuwa 20 na kifi a ruwa lita 1,000. Nauyin da za su kai in sun girma ake nufi. To tarwaɗa in ta samu abinci mai kyau tana iya kusantar kilo ɗaya a wata biyar zuwa shida. Ke nan guda 20 sun ishe ki. Na san za ki zuba su ki ga kamar tankin babu komai, zuciya ta ce ƙara. Ki tuna da ɗarina.

Ki sayi waɗanda suka kai tsawon babban yatsa ko fiye, masu kuzari, masu kai ɗaya. Tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta in ta fi ta girma, don haka duk sati biyu ki duba, wadda ta yi wa saura zarra ki ware ta. Ki ɗauko su da sassafe ko da yamma. In kin iso, ki riƙa ɗibar ruwan tanki kaɗan-kaɗan kina ƙarawa a mazubinsu har kusan rabin awa, sannan ki sake su. Ranar farko kada ki ba su komai. In za ki kama tarwaɗa ki kula da ƙayar da ke gefen kanta, sukarta da zafi.

Ciyarwa

Ki sayi abincin kifi mai tasowa saman ruwa, don ki ga abin da suka ci. Yana zuwa lamba-lamba, ƙanana ga 'ya'ya, manya ga manya. Sau biyu a rana, safe da yamma, ki watsa kaɗan-kaɗan, da zarar sun rage rububi ki tsaya. Abin da ya rage bayan kamar minti goma ki kwashe da rariya. A sati shida na farko ki rage hannu sosai, tunda ƙwayoyin tsakuwa ba su gama kamawa ba. Mutum ɗaya ne zai riƙa ciyarwa a gida. Kada a zuba musu ragowar tuwo, ko hanjin kaza, ko kashin kaji. Masu manyan kududdufai suna yi, amma a tankinki ruwan zai ruɓe, kuma ganyen da za ku ci ɗanye a wannan ruwan yake.

Sau ɗaya a sati ki cika tiyo da ruwa, ki toshe bakinsa da yatsa, ki nutsa ɗaya bakin a ƙasan tanki ki janye dattin da ya kwanta, kamar jarka biyu ko uku. Kada ki zuƙa da baki. Wannan baƙin ruwan kada ki zubar, ki kai shi gindin zogale ko gwanda ki ga aiki.

Abin shukawa

Ki fara da ganye: alayyafo, lalo, rama, yakuwa, lawashi, na'ana'a. Salak a hunturu yake yi, in zafi ya zo sai ya yi ɗaci ya fitar da kai. Za ki iya yafa irin alayyafo kai tsaye a kan tsakuwa ki yayyafa ruwa har ya tsiro, ko ki yi reno a ƙasa, ki wanke saiwar tas, ki dasa. Cikin wata guda za ki fara yanka, in kin yanka daga sama ya sake tofowa. Kada ki shuka kwami huɗun rana ɗaya. Ki riƙa shuka ɗaya duk sati, don kada ganye ya zo miki gaba ɗaya ya ƙare gaba ɗaya, ruwa ya rasa mai tace shi. Tumatir da attaruhu suna da ci, ki bari sai bayan wata uku, kifi ya girma taki ya yi ƙarfi. In kika ga sabon ganye yana fitowa rawaya jijiyoyinsa kore, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, ki gaya mini ko malamin gona, akwai wanda ake sakawa da ba ya cutar da kifi.

Abubuwan da ba a yi

Ba a feshin maganin ƙwari a kan wannan lambu, ko kaɗan. Abin da ya taɓa ganye zai gangara wajen kifi. Har ruwan ganyen darbejiya da muke yi wa wake, a nan a bar shi. Tsutsa a tsince ta da hannu, ɗan ƙwaro a wanke da ruwa. Ba a sa hannu mai sabulu ko mai a tanki, kuma bokitin kifi daban, na wanki daban. Ba a zuba takin zamani ko maganin mutane a ruwan. A kewaye wurin saboda awaki da kaji.

Wannan kuma ina roƙon ku da girman Allah: a rufe tankin da raga mai ƙarfi ko murfin katako mai sakata. Tsayin ruwan ya isa ya cinye yaro mai tatata, kuma yara suna son leƙen kifi. Wadda ba ta shirya murfi ba, kada ta zuba ruwa.

In kin ga kifi ya ƙi cin abinci, ko ya rataye a saman ruwa, ko ruwan ya yi wari da kumfa, abu biyu za ki yi nan take: ki daina ciyarwa kwana ɗaya ko biyu, ki canja kashi ɗaya cikin uku na ruwan. Wanda ya mutu a cire shi a binne. Sannan ki kira ni.

Tarwaɗa ta fi son ruwa mai ɗumi-ɗumi. A watan Afrilu da Mayu da zafinmu yake haura digiri 40, ki ƙara inuwa a kan tanki. A Disamba da Janairu za ki ga cinsu ya ragu, girma ya tsaya. Ba ciwo ba ne, sanyi ne. Ki rage abinci, ki bari sai hantsi ya ɗaga, da dare ki lulluɓe tankin da buhu ko tabarma ki bar kafar iska. Ki riƙa goge ƙurar hunturu daga farantin sola kullum.

Maganar kuɗi

Yanzu mu zo inda ya shafi akwatinmu. Ba zan faɗi farashi ba, don kafin wannan littafi ya iso hannunku ya canja. Zan ba ku yadda za ku lissafa da kanku. Kifi 20, in biyu ko uku sun mutu, za ki samu wajen kilo 15. Za su ci abinci wajen kilo 20, wato buhu ɗaya mai kilo 15 da ɗoriya. Ki aika a tambayo kuɗin wannan abincin da na 'ya'yan kifi, a tambayo kuɗin kilo 15 na ɗanyar tarwaɗa, ki cire. Za ki ga ribar kifin ba ta da yawa, kuma zagaye ɗaya ba zai mayar miki da kuɗin tanki da sola ba. Duk wanda ya ce miki za ki yi arziki da tanki ɗaya a wata shida, kayansa yake son sayarwa. Inda na ga amfanin a gidanmu shi ne kuɗin cefanen ganye da muka daina fitarwa, da ɗaurin alayyafo da maƙwabta suke aiko yara saya kusan kullum, da kifin da yaranmu suke ci. In kika yi banda kuma, kifin zai jira ki har ki samu mai saye da daraja.

Abu na biyu, ku lura da kyau. Bashin akwatinmu wata uku ake biyan sa, kifi kuwa sai wata biyar ko shida. Wadda ta ci bashi ta sayi tanki tana jiran kifi ya biya, ranar biya za ta zo kifin bai kai ba, ta sayar da shi a wulaƙance ko ta ji kunya a gaban ƙungiya. Don haka kayan da za su daɗe, tanki da durom da sola, a saye su da kuɗin rabo in an fasa akwati. In za a ci bashi, a ci ƙarami na abincin kifi, kuma sai wadda take da wata sana'ar da za ta biya da ita, ƙuli-ƙuli ne, ɗinki ne, ko awara. Asusun taimakon gaggawa kuwa na rashin lafiya ne da haihuwa da rasuwa, kifi ba ya cikinsa.

Shawarata ita ce kada mu tashi mu ashirin da biyar kowa ta sayi tanki. Wannan tsarin akwati da muke bi, mata ne 'yan'uwanmu Hausawa suka fara shi a yankin Maraɗi a 1991, da sunan Mata Masu Dubara, tare da ƙungiyar CARE, kuma da ɗan abin da ke hannunsu suka fara. Mu ma mu yi dubara. Mata huɗu ko biyar su haɗa hannu su kafa guda ɗaya a gidan wadda take da ruwa da fili. A rubuta a littafi: nawa kowa ta zuba, wa take ciyarwa, yaya za a raba ganye da kifi, in an yi asara yaya za a ɗauka. Mai ciyarwa a ware mata kaso na wahalarta tun farko. Kuma a nemi yardar maigidan da za a kafa a gidansa, a gaya masa mata za su riƙa shigowa, don kada abin alheri ya zama rigima.

A wani zama wata gwaggona ta tambaye ni ko wannan ruwa ba zai tara sauro ba. Kifi yana cinye tsutsar sauro da ke tanki, ruwan kwami kuma yana ƙarƙashin tsakuwa. Inda sauro zai samu wuri shi ne jarkar da aka bari a buɗe da inda ruwa yake yoyo ya kwanta, sai a kula da su. Wata kuma ta ce, ganyen da ya sha ruwan kashin kifi yana ciwuwa? Ai gonakinmu ma da kashin shanu da na awaki muke takinsu. A wanke ganye da ruwa mai tsabta kamar kullum, a wanke hannu da sabulu bayan an gama aikin tanki, shi ke nan.

Aikin da za mu tafi da shi

Kafin zama mai zuwa ina son abu uku. Kowacce ta duba gidanta ta gaya mana ko tana da wurin da ya dace da kuma inda take samun ruwa. Shugaba ta wakilta mutum biyu su sa a tambayo farashin tanki, durom, inji da sola, buhun abinci da 'ya'yan kifi a Haɗejia ko Malam Madori, magatakarda ta rubuta. Waɗanda suke son haɗa hannu kuma su zo da sunayensu. Ranar zan zo da guntun bututu da tsakuwa da lemon tsami mu gwada a gabanku, kuma duk wadda ta samu izini, ƙofar gidanmu a buɗe take ta zo ta ga nawa, tunda gani ya kori ji.

Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure ku yafe wa 'yarku. Allah ya sa albarka a akwatinmu, ya raya mana zuri'a. Shugaba, na mayar miki da zama.